Minti Goma Sha Ɗaya a Fayil na 417

Babu komai a jikin ƙusar da ke gefen teburin Hanne. Zuhra ta lura da haka tana wucewa da safiyar Litinin, jaka a kafaɗa. Shekara guda kenan jan iyafis ɗin Hanne yana rataye a ƙusar nan, kunne ɗaya an naɗe shi da salatif, yau kuwa sai ƙusa kaɗai. Ta dubi tebur na gaba, nan ma babu. Sai da ta isa wurinta a lungu kusa da taga, ta ja aljihun tebur ta ga nata yana nan a naɗe, sannan ta sauke numfashi ta zauna.

Ofishin na wani shiri ne na tallafa wa manoma, gida mai ɗaki huɗu a bakin titin da ya fita daga Gaya ya nufi Ajingi. Ma'aikatan fita irin su Hanne suna shiga ƙauyuka da kwamfutar hannu da suke kira tab, su yi wa mutane tambayoyi: me aka shuka bana, taki ya iso ko bai iso ba, tsutsa ta yi ɓarna ko an tsira. Tab ɗin yana ɗaukar muryar hirar. Aikin Zuhra shi ne ta saurari hirarrakin, ta tabbatar an je an yi tambayoyin da gaske, ba a zauna a gindin bishiya an cike fom da ka ba. In ta gama da fayil sai ta danna "an duba", daga nan ya ɓace daga kwamfutarta, hedikwata a Abuja ta goge muryar. Aikin ya dace da ita. Tun a jami'a an san ta da sauraro, ba a san ta da magana ba.

Hanne ta shigo tana fifita da takardar sanarwar da ta ciro daga jikin ƙofa. Bayanta Abdulmuttalib ne, mai kula da kwamfutocin ofishin, wanda kowa yake kira Injiniya. Yana rungume da kwali cike da iyafis.

"Injiniya, kai dai ba ka da tausayi," in ji Hanne. "Mutum ya wuni yana buga lissafin gero da dawa a kwamfuta, ba ɗan kiɗan da zai riƙe masa ido? Wallahi barci zan yi. In na rubuta wa mutumin Gafasa ya noma shinkafa a kan tudu, kada a tambaye ni."

"Hajiya Hanne, ni aiko ni aka yi. Intanet ɗin da aka sayo don tura aiki, ke kaɗai kin cinye rabinsa da waƙoƙin biki."

"Bikin ƙanwata nake shiryawa."

"A ofis?"

"To a ina zan samu na banza?"

Aka yi dariya. Abdulmuttalib ya ajiye kwalin ya karanto sanarwar. Tsofaffin dokoki suna nan: waya a bar ta a akwatin Baba Maiwada maigadi kafin a shigo, kuma ba a sa filas na kwafar fayil a kwamfuta, dama tuni an toshe ramukan. Sabuwar doka ita ce an rufe duk shafukan waƙa, an karɓe iyafis, an kashe sauti a kowace kwamfuta ban da ta masu sauraron hira su uku. Sai layin ƙarshe: daga wannan makon za a riƙa duba jerin duk fayil ɗin da ma'aikaci ya buɗe, da sau nawa ya buɗe shi.

Wannan layin ne ya sa Zuhra ta juya. Ta dubi allon kwamfutarta. A can sama, a layin farko, fayil na 417 yana zaune inda yake wata biyar kenan, ba a danna masa "an duba" ba.

Zuhra 'yar fari ce. Mahaifiyarta Kubura Bafulatana ce ta garin Toranke a ƙasar Ajingi, cikin waɗanda kakanninsu suka ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. Tunda Zuhra ta yi wayo ba ta taɓa jin Inna ta kira sunanta ba. "Ke." "Yarinyar nan." In da baƙi kuwa, "'yar gidan Goggo", don tana fita daga nono aka miƙa ta ga ƙanwar babanta a Gaya, can ta girma. Ranar da ta gama jami'a ta je Toranke da takardarta, ƙannenta suna tsalle, Inna ta ce "To, madalla," ta juya wajen awaki. Sai dai da aka kawo fura, Zuhra ta ga nonon kwanonta ya fi na kowa kauri. Ta san al'ada ce. An sha gaya mata haka uwa take yi wa ɗan fari, ba ƙi ba ne. Amma sanin dalilin yunwa ba ya ƙosar da mutum.

Inna ta rasu bayan kaka, ciwon kwana shida. Zuhra ta isa ta tarar ba ta magana.

Mako biyu bayan sadakar arba'in fayil na 417 ya faɗo cikin jerinta. Fayilolin ba su da suna, lamba ce kawai, na'ura ke raba su. Ta sa iyafis ta danna, ta ji sallamar Hanne, sannan ta ji wadda ta amsa, muryar Inna ce. Ba ta san lokacin da ta dafe tebur da hannu biyu ba.

A farkon hirar Hanne ta karanta abin da ake karanta wa kowa: za a ɗauki murya don a duba aiki, a saurara sau ɗaya a goge, ba za a ba wa kowa ba. Sai Inna ta ce, "Yarinyar nan da ke wajenku fa? Ba za ta ji ba ko?"

Hanne ta yi dariya. "Haba Inna, fayil ya fi dubu. Ina za ta ga naki?"

"To," in ji Inna. Ta dangwala yatsa.

Aka yi tambayoyin gyaɗa da wake. A minti na talatin da takwas aka ji direba yana kira daga zaure, mota ta maƙale a yashi. Hanne ta ce tana zuwa, ta kife tab ɗin a kan tabarma ta fita, ta manta ba ta kashe ba. Minti goma sha ɗaya ta yi a waje.

Da farko ƙarar ɓawon gyaɗa kawai ake ji, ƙas, ƙas, da kukan kaza a nesa. Sai 'yar gungunar waƙa a maƙogwaro, irin ta wanda ya tabbatar shi kaɗai ne a gida. Sannan muryar ta buɗe, siririya, tana ɗan rawa:

"Zuhra tawa, Zuhra ta Kubura,
Na haife ki ruwa na zuba,
Na miƙa ki hannuna bai so ba,
Na kau da kai don mutane na kallo,
Zuhra, idon ne ya juya, ba ni ba."

Ta maimaita har sau huɗu, kowane karo tana sauya wani abu. A na uku ta sa maganar takardar jami'a, ta ce ta taɓa ta da yatsa lokacin da mai ita ta fita alwala. A tsakiyar na huɗu kaza ta faɗa cikin gyaɗar, Inna ta kore ta, ta yi wata 'yar dariya ita kaɗai. Sai ga takun Hanne.

Dokar aikin a bayyane take: in ka gane mai magana, ka rufe ka kai rahoto. Zuhra ba ta kai ba, ba ta kuma danna "an duba" ba. Kullum in ta zo da safe, kafin ta fara aiki, sai ta ja zuwa minti na talatin da takwas. Wani lokaci bayan azahar ma ta ƙara. Duk wanda ya gan ta da iyafis, kai a sunkuye, cewa zai yi aiki take yi. Ba ta taɓa tunanin fitar da shi ba. Tana ganin muddin ba ta danna ba, yana nan.

Ranar Talata da hantsi Abdulmuttalib ya leƙo ya ce, "Malama Zuhra, minti biyu don Allah."

Ɗakinsa ƙarami ne, wayoyi ko'ina kamar saƙar gizo. Ya tura mata kujera, ya juyo da allon kwamfutarsa.

"Fayil na 417. Sau ɗari da sittin da uku, kuma kullum daga wuri ɗaya." Ya sosa gemu. "Ban zata daga wajenki ba. Kamilu na ofishin nan ya taɓa ɓoye waƙoƙi ashirin ya sa musu lambar fayil, na gane. Ke ba na son sunanki ya je Abuja a kan waƙa. Ki gaya mini ta ina kika shigo da ita, mu goge, magana ta mutu a nan."

Zuhra ta dubi yatsun ƙafarta.

"To, bari in ji da kunnena."

Ya ɗauko iyafis ɗaya daga kwalin, ya ja zuwa wurin. Ta ga fuskarsa tana jiran kiɗa. Ta ga ya ɗan yamutsa goshi da jin ɓarar gyaɗa. Sannan ta ga hannunsa ya tsaya cik a kan tebur. Yana cikin waɗanda suka je gaisuwa Toranke, ba sai an yi masa bayani ba. Bai kai ƙarshe ba ya cire, ya ajiye a hankali kamar wanda ya buɗe ɗakin da ba nasa ba.

"Allah ya jiƙanta," ya ce.

"Amin."

Sai ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Tawa tana nan da rai a Kademi. 'Wancan' take ce mini." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Ba zan iya kwafa miki ba, ni ma daga can aka kulle ni. Amma ki bari. Zan ga abin da zan iya yi."

Zuhra ta so ta ce masa ya bar shi kawai, kada ya yi komai, ya kau da kai kamar bai gani ba. Ta so ta tambaye shi me yake nufin yi. Amma namiji ne, ba su saba ba, ga shi ya riga ya ji abin da ko ƙannenta ba su ji ba. Ta ce, "Na gode," ta fita.

Da azahar suna cin awara a gindin darbejiyar bayan ofis, ta gaya wa Hanne. A gutsure ta faɗa, idonta a kan leda. Hanne ta tsaya da awara a hannu, yaji yana zuba a kan zanenta.

"Ni na bar shi a kunne? Innalillahi. Wata biyar kina zaune da wannan a cikinki ba ki gaya wa kowa ba? Ke wai wace irin halitta ce, Zuhra?" Ta share ido da bayan hannu, yajin ya shiga, ta hau zagin mai awara. Da ta lafa sai ta matso. "Ji nan. Ina da tsohuwar waya a jaka, ta mutu tun bara. Gobe ki miƙa wa Baba Maiwada ita ya jefa a akwati, taki ki sa ta cikin hijabi. Laluba ki zai yi? Ki shiga, ki kara iyafis a bakin wayar, ki ɗauka. Minti sha ɗaya, an gama."

"Ta ce kada in ji."

"Kin ji sau ɗari da nawa ne ma?"

"Ji daban, ɗauka daban. An yi mata alkawari za a goge. Ke kika yi mata, Hanne."

Hanne ta murza ledar awarar a hannu har ta zama ƙwallo. Can ta ce, "To wa take yi wa waƙar? Kazar?"

Da Hanne ta zura wa Zuhra tsohuwar wayar a jaka, ba ta hana ba.

Ranar Laraba ta isa bakin ƙofa da waya biyu. Baba Maiwada ya buɗe akwatin yana cewa, "'Yata, an tashi lafiya?" Ta dubi furfurarsa, ta tuna muryar Inna tana tambaya ba za ta ji ba ko, sai ta ga hannunta ya miƙa masa wayar gaskiyar. Ta shiga, ta saurari minti goma sha ɗayan sau ɗaya. Wannan karon ba kalmomin ta bi ba, su ta haddace su tuntuni. Abin da ke tsakaninsu ta saurara: yadda Inna take jan numfashi kafin ta faɗi sunan, yadda take ɗan nauyaya farkonsa kamar tana ɗanɗana shi, da 'yar dariyar nan ta kaza. Waɗannan ba sa haddatuwa. Ta gwada tuno su tana tafiya gida da yamma, sai ta ji muryarta ce take ji a ka, ba ta Inna ba. A bakin ƙofar gidan Goggo ta yanke shawara. In laifi ne, ta roƙi Inna gafara a addu'a.

Ranar Alhamis ta miƙa wa Baba Maiwada matacciyar wayar Hanne. Ya jefa a akwati bai ko duba ba. Tata tana manne da ƙirjinta a ƙarƙashin hijabi, tana jin ɗuminta. A rayuwarta ba ta taɓa karya dokar makaranta ko ta wurin aiki da gangan irin haka ba. Hanne ta ɗaga mata gira daga teburinta, ta juya kujera ta tare hanya da faɗin bayanta.

Zuhra ta zauna. Ta ciro iyafis ta jona. Ta zaro wayar ta ɗora a cinya, hijabi ya rufe. Ta danna ɗaukar murya tun kafin ta buɗe jerin, don kada hannunta ya ci amanarta daga baya. Sannan ta sa lambar sirrinta.

Layin farko ya zama 902.

Ta ja ƙasa har ƙarshe, ta dawo sama. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta rubuta 417 a wurin nema, harafi ɗaya-ɗaya, kamar mai koyon rubutu. Allon ya ce babu.

Ba ta ji shigowarsa ba, sai inuwarsa ta gani a kan tebur. Abdulmuttalib yana tsaye da takarda a hannu, ya naɗe ta ya warware har ta yi laushi.

"Malama Zuhra." Ya yi gyaran murya. "Shekaranjiya da kika fita na rubuta wa hedikwata. Na gaya musu gaskiya duka. Na ce mai muryar ta rasu, 'yarta ce take roƙo, a ba da izini in cire mata minti sha ɗayan nan kawai. Na ɗauka in aka bi ta ƙofa za a buɗe."

Hanne ta taso. "Sai suka ce me?"

"Sun ce abin da aka ɗauka bayan an daina hira ba a nemi izininsa ba, bai kamata ya kwana a wajenmu ba. Kuma mai dubawa 'yar gidan ce. Jiya bayan an tashi suka goge daga can." Ya dubi takardar. "Har godiya suka yi mini da na kawo rahoto."

"Wa ya aike ka?" Muryar Hanne ta cika ɗakin, kowa ya ɗago. "Injiniya, wa ya aike ka? Kai da ka iya kwashe iyafis, ba ka iya yin shiru ba? Kwana ɗaya! Da ka bari kwana ɗaya tak!"

"Na kira su da safen nan. Na ce ko akwai ajiya a wani wuri. Sun ce babu." Ya juya ga Zuhra, muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi alheri na nufa. Da na tambaye ki. Ki yafe mini."

Zuhra tana jin su kamar daga bayan katanga. Abin da take tunani shi ne jiya. Jiya yana nan, wayar tana jakarta a bakin ƙofa, ita ta miƙa. Ta lalubi fushi a cikinta don ta ba wani, shi ko Hanne ko mutanen Abuja da ba ta taɓa gani ba, ba ta samu ba. An yi wa Inna alkawari, an cika.

Ta ɗaga gefen hijabinta ta fito da wayar a gaban kowa. Har yanzu tana ɗauka, lambobin suna tafiya, minti huɗu da 'yan daƙiƙai. Ƙarar fanka ta ɗauka, da faɗan Hanne, da ban haƙurin Abdulmuttalib. Ya ga wayar, ya gane abin da ta zo yi yau, ya runtse ido.

Ta danna ta tsayar. Ta zare iyafis ɗin daga kwamfuta, ta naɗe shi a yatsu biyu yadda ta saba, ta ɗauki jakarta. Hanne ta kama hannunta, ta zame a hankali. Da ta zo wucewa ta gefen teburin Hanne sai ta tsaya, ta rataye iyafis ɗin a jikin ƙusar.

A bakin ƙofa Baba Maiwada ya miƙe da sauri yana buɗe akwati. "'Yata, tun yanzu? Lafiya dai ko?" Ya ciro matacciyar wayar ya miƙo mata. Sannan idonsa ya sauka a kan wadda ke hannunta.

Zuhra ta ɗan rusuna masa, ta wuce. Ta tsallaka titi zuwa gefen da motocin Ajingi suke tsayawa.